Yoyon Motar Taubashina

Ban yi boko ba. Inji na sani, shi ma da hannu na koye shi, a bakin hanyar Wurno inda rumfata take har yau. Na kwance injin ban-ruwa, na kwance na niƙa, na kwance na a-kori-kura. Babu wanda ya sa ni tsaka mai wuya kamar na motar taubashina.

Ɗan goggona ne, dillalin albasa a kasuwar Goronyo. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Wata shekara albasa ta yi albarka, ya tafi Kwatano ya dawo da wata tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu, gajera kamar kwaɗo, cikinta na shafar ƙasa. Injinta a baya yake. Ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Buhun albasa ko ɗaya ba ya shiga. Shi kansa sai ya tattare babbar riga ya duƙa kafin ta karɓe shi. Amma yana son ta kamar ransa.

Aibinta yoyon baƙin mai. Duk inda ta tsaya sai ta bar tabo a ƙasa.

A lokacin likita ya ce yana da hawan jini. Ya hana shi nama mai kitse, ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Taubashi ya ji da kunne kawai. Goggo kuwa ta yanke hukunci: in ya ci gaba da cin tsire, a sayar da motar da ke kai shi. Kowa ya san maganar Goggo ba ta faɗuwa ƙasa. Kullum da safe sai ta ɗauki sandarta ta ce za ta gaida dangi, ta bi ta tasha, ta tsaya gaban tukubar mai tsire tana duban ƙasa. In ta ga ɗanyen tabo, shi ke nan.

Ranar da ta yi masa kashedin ƙarshe ya turo motar rumfata.

"Bawana, toshe mani wagga mota. Tona mani asiri taka yi."

Na ce, "Ka bar tsire."

"Gyaran mota na kawo maka, ba gyaran hali ba."

Na sauke injin. Cikinsa ɓari biyu ne, kamar ƙwarya biyu da aka kife baki da baki, kuma ta wannan bakin man ke fita. Babu abin da ake sawa tsakani sai gam. To wane gam? Nan rigima ta tashi.

Ran kasuwa taubashi ya dawo daga Goronyo da leda cike da jan gam, irin mai kauri da ke bushewa ya zama roba.

"Shafa shi duka, awa yaɓen rumbu. Kada a ce na yi wa motata rowa."

Mutanenmu haka suke. In abu na yoyo, a ƙara masa kauri, ko soro ne ko tulu. Na ce masa inji ba rumbu ba ne. In ka ɗaure noti, rarar gam ciki take matsewa, ta tsinke kamar tsutsa, ta toshe hanyar mai. Injin da ba ya shan ruwa da mai yake rayuwa. Kafin ya kai Rabah zai ƙone.

Wani tsohon direba da ke wuni a rumfata ya ce a yanka kwali a sa tsakani, haka suka yi tun zamanin jirgin ƙasa na tashe. Na ce kaurin kwali zai raba ɓarin biyu, karanshaf, ƙarfen da ke juyawa a tsakiyarsu, ya riƙa rawa a mazauninsa. Ya ce to sabulu da sukari. Na ci gaba da aikina.

Na ɗauko nawa gam ɗin, mai launin ruwan ƙasa, mai danƙo kamar maɗi, wanda ba ya ƙanƙarewa. Shafa ɗaya ake yi masa, siriri, har kana hango ƙarfen.

Taubashi ya leƙa. "Wanga ɗan abu? Ko miya ba a yi wa wagga rowa!"

Ina cikin goge ɓarin sai ga Goggo da sandarta. Ta jira ɗanta ya tafi salla, ta matso.

"Ɗana, bar mata yoyonta."

"Goggo, injin da na ɗaura ba ya yoyo. In ya yi, sunana ya ɓaci daga nan har Gandi."

"Sunanka ya hi ran ɗan'uwanka?"

Na waiwaya. Idona ya faɗa kan salansar motar, tana yashe a gefe. Ta ruɓe, da rami kamar bakin tulu. Wani can baya ya naɗe ramin da gwangwani da waya, ni kuma na kwance su wajen sauke inji.

Na ce, "Goggo, kunnenki na ji?"

"Mi? Na hi ka ji."

"To tahi gida."

Na shafa gam siriri, na haɗa, na ɗaure noti bi da bi. Na mayar da salansa yadda take. Gwangwanin na ajiye a gefe, in mai mota ya nema a mayar. Da muka tada inji, awakin unguwa suka watse. Da can motar tari take yi kamar tsohon ɗan taba. Yanzu ta samu ƙarfi, ga rami a buɗe.

Na nuna masa gwangwanin. Ya ture hannuna.

"Kul! Ka ji murya? Zaki na! Bari Goronyo ta san na taho."

Muka je Rabah muka dawo, muka shimfiɗa farin kwali ƙarƙashinta. Ko ɗigo. Ya rungume ni ya ce ya 'yanta ni.

Bayan la'asar ya ce wa Goggo masallaci za shi, ya zarce tasha. Ƙasa fes, babu shaida. Da ya koma gida Goggo na zaune kan tabarma, ko fita ba ta yi ba.

"Na ji inda motarka tam mutu. Masallaci gabas yake. Ita yamma tay yi shiru."

Washegari na ce ya kawo in toshe salansa. Ya yi tsaye yana kallon motar. Ya ce zai yi tunani. Bai iya rabuwa da muryar ba.

Dabarar da ya samo ita ce: ya kashe motar a ƙofar masallaci, ya zagaya ta bayan gari da ƙafa har tasha, ya dawo ta nan, yana haki, zufa na jiƙa hula. Haka yake yi har yau. Likita ya auna shi ya ce jini ya sauka, ya ci gaba da abin da yake yi.

Goggo ta sani. Ta ce a bar shi. Kafin ya isa, masu babur sun kwashe tsire mai kitsen.