Bobin ɗin da Inna ta shanya

Shekarun baya, tun Nasara bai tafi ba, na dawo Magariya da takardar gama lakwal, wato makarantar boko, aka ba ni aji in koyar. Ni da abokina muka kamu da son tara tsofaffin bobin, wato naɗin fim na silima, na barkwanci marasa magana, waɗanda Kwara, Larabawa masu sayen gyaɗa, ke bari in za su tashi. Ina jin na fi shi yawan bobin. Shi kuwa yana da injin nunawa na hannu, ga baki.

Ranar kasuwa sai ya rufe ƙofar sitonsa, ya jona batirin kamyo, wato babbar mota, yana murzawa yana ara wa Turawan cikin fim ɗin murya da Hausa. Mutanen ƙauyen Kwaya da suka zo cin kasuwa su yi ta dariya har da hawaye. Bobin nawa ne, amma a hanya shi ake nunawa da yatsa. Ba zan ce hassada nake ba. Wataƙila dai ƙanwarta.

Sai na samo wani bobin wurin wani tsohon kuku, bobin da ban taɓa jin mai irinsa ba. Na ɗaga farkonsa a hasken rana: wani ƙato kan tsani riƙe da bokiti, akuya na cin igiyar da ta ɗaure tsanin. Ban warware sauran ba, don gudun karcewa.

"Mushe, kawo mu gani mana," in ji abokina; Mushe ake kiran malamin lakwal.

"Sai na sayi injina."

"Kafin nan akuyar ta tsufa."

Na ɓoye shi a ƙasan adaka har damina ta wuce. Mahaifiyata ta ji warin sanyi a ɗakina, ta fito da komai ta baza a rana kamar wake. Na taso daga lakwal da azahar na tarar ya lanƙwashe, ya manne guri ɗaya.

"Da ya yi fumfuna," ta ce. "Har juya maka shi na yi."

Kasuwa ta gaba abokina ya haska farin bango kawai, ya ba da labarin ƙaton da akuyar daga ɗan abin da na gaya masa. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Ni ma na yi, kaɗan.

Darasin, in akwai, ƙila na rowa ne, ban tabbata ba. Abin da ke ci mini rai dai shi ne, har yau ban san ko ƙaton ya faɗo ba. Mutanen Magariya kuwa sun sani: cikin bokitin ya faɗa, abokina ya gaya musu.