Tabarau da Gaisuwar Suruka

A cikin masu haya da babur na bakin kasuwa, babu wanda ya kai Mai-Gira yawan gaisuwa. Hannayensa biyu suna riƙe da kan babur, ƙugin inji kuma ba ya barin a ji murya, saboda haka da fuska yake gaisawa. Sa'o'insa yakan ɗage musu gira ɗaya, abokan wasa su sami harara, manya kuwa ya sauke musu ido ƙasa cikin ladabi. Daga nan ya samo laƙabinsa.

Gaisuwar da ya fi kiyayewa ita ce ta surukarsa. Kullum da safe tsohuwar tana kan tabarma a ƙofar gida tana shan hantsi, hanyarsa ta zuwa kasuwa kuma ta gabanta ta bi.

Wata rana yana cikin tafiya ƙwaro ya faɗa masa a ido, idon ya kumbura ya yi jawur. Likita ta wanke, ta ɗiga magani, ta ce in yana son idonsa kada ya ƙara hawa babur ba tabarau. Sai ya nufi wurin Auta, ƙanin matarsa, wanda yake jera tabarau a kan allo a jikin bangon kantin magani.

"Mijin Yaya!" in ji Auta. "Ashe har ƙwari sun gaji da zare musu ido da kake yi."

"Rufe mini baki, ɗan nema. Ba ni na mutunci."

Auta ya zaro wani baƙi wuluk mai sheƙi, ya maƙala masa, ya miƙa madubi. Mai-Gira ya duba dama, ya duba hagu, ya ga kansa sai ka ce matuƙin jirgin sama. A kan titi kuwa daɗi ya kashe shi: iska ta daina sa shi hawaye, rana ta daina kashe masa ido.

Ba a jima ba, wani yammaci matarsa ta dire masa kwanon abinci ba ta ko dube shi ba.

"Inna ta ce a tambaye ka laifin da ta yi maka. Ta ce ka daina gaishe ta."

Abincin nan bai ciwu ba. Shekara da shekaru yana tattalin mutuncinsa a wurin tsohuwar, ga shi zai zube a banza. Da ya yi nazari sai ya gano mai laifin: baƙin gilashi ya rufe idon da yake gaisuwa da shi.

Gari na wayewa ya koma wurin Auta, ya tura shi tsallaken titi.

"Tsaya can. Zan gaishe ka, ka faɗi irin gaisuwar da ka gani."

Mai-Gira ya sa tabarau mai ruwan ƙasa, ya sauke ido.

"Ban ga komai ba!" Auta ya ƙwala.

Ya sa mai ruwan ɗorawa.

"Na ga ido, amma na mai ciwon shawara!"

A ƙarshe ya sa wani fari garau, ƙato, mai kariya ta gefe da robar ɗaurewa a ƙeya, irin na masu wasa wuƙa a injin.

"Wannan harara ce, na gani sarai! Amma wallahi ka yi muni."

"Ai kai na harara. Shi zan ɗauka."

Suka ɗunguma gidan tsohuwa. Mai-Gira ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, Auta ya zayyana bayanin baƙin gilashi da farin gilashi. Ita kuwa, da yake ba ta magana da surukinta kai tsaye, sai ta juya ga ɗanta.

"Auta, gaya wa mijin yayarka ni ban ma san ya sa wani abu a fuska ba. Yaushe rabon idona da ya kai titi? Da kunne nake karɓar gaisuwarsa. Da can in ya iso nan sai in ji babur ya sassauta murya, in ce ga ɗan albarka. Yanzu kuwa fuu, kamar an koro shi."

Mai-Gira ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne: tun da iska ta daina damun idonsa, hannunsa ya manta da rage wuta.

"Auta," ya ce a hankali, "ce wa Inna na tuba."

"Ce masa na ji. Amma daga gobe ya kashe injin tun daga kwana, ya turo abinsa da ƙafa har ya wuce ƙofata, sai ran da na huce."

Auta ya yi dariya har da riƙe ciki.

Tsohuwa dai har yanzu ba ta ce ta huce ba. Duk wanda ya bi layin da hantsi zai ga wani magidanci da ƙaton farin tabarau yana tura babur yana haki, wani lokaci ma fasinja na biye da shi a ƙasa.