Uwar Makulli ta Ɗakin Ƙasa

Kullum da safe takan sauka matakala goma sha bakwai zuwa ɗakin ƙasa na asibitinmu, inda babu taga, babu motsi sai gurnanin na'urar sanyaya kwamfutoci. Kafin ta kunna fitila sai ta yi sallama, ta ɗan dakata kamar mai jiran amsa. Ranar da na fara jin haka, na leƙa ɗakin ban ga kowa ba.

"Yaya, wa kike gaisarwa?" na tambaya.

"Mutum dubu goma sha ɗaya ne a nan, ƙanena," in ji ta. "Wasu sun riga mu gidan gaskiya, amma ba su ce a tona musu asiri ba."

Uwar Makulli muke ce mata. Shekara ashirin da shida tana cire sunayen marasa lafiya daga bayanan bincike, tana sa lamba a madadinsu, kafin a tura wa masu bincike na ƙasashen waje. Littafin da ke haɗa suna da lamba yana cikin akwatin ƙarfe, makullin kuma a wuyanta. Ni mai gwajin jini ne, na sha yi mata tsiya cewa ko mijinta ba ta riƙe shi haka ba.

Bara abokan aikinmu na waje suka nemi a ƙara musu bayanin shekaru, unguwa da sana'ar kowa. Babban likita ya amince, tunda babu suna. A gabanmu, a ɗakin taro, ta miƙe da takarda ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ga layi ɗaya, babu suna. Mace, shekara hamsin da tara, mai ajiyar bayanan asibiti, ciwon daji a hanta. Wace ce?"

Duk muka gane ita ce. Babu wanda ya san ba ta da lafiya, har ni da muke cin abinci tare.

"Wannan sirrin nawa ne, ina da ikon faɗa," ta ce. "Sauran fa, wa ya tambaye su?"

A ranar aka soke sana'a da unguwa, aka mai da shekaru rukuni-rukuni, aka sa baƙin suka sa hannu cewa ba za su miƙa wa kowa bayanan ba.

Yaya, ke ce kika tona asirinki domin ki rufe na wasu. Ƙanwata tana cikin dubu goma sha ɗayan nan, ita kaɗai ce mace mai gyaran agogo a unguwarsu, kuma har yau ba ta san abin da kika tare mata ba. Na gode, Yaya. Allah ya ba ki lafiya.

Jiya ta ajiye aiki, ta rataya wa magajiyarta makullin. Duk mai riƙe da sirrin wani, ya koyi riƙo irin nata. Yau ni na sauka matakalar da gwaje-gwaje a hannu, kuma sai da na yi sallama kafin na taɓa fitilar.