Goron Arɗo da Fushin Dakta

Har yau in na ga farin goro sai na tuna ranar da muka je yi wa shanu rigakafi a wata ruga bayan Roni. Lokacin ina mataimakin likitan dabbobi, ciwon huhu kuma ya fara kayar da shanu a yankin. Maganin yana cikin akwatin ƙanƙara, in ta narke ya lalace. Makiyayan kuma washegari za su tashi.

Shugabanmu, Dakta Habu, mutum ne mai fara'a, amma a makon nan ba ya taɓuwa. Tun daga Kazaure yake faɗa: direba ya cika gudu, direba ya cika nawa, ni ko tari na yi sai ya harare ni. Raina ya ɓaci, hankalina ya ƙi kwanciya. Direba ne ya raɗa mini cewa an hana shi goro saboda hawan jini. Mutumin da bakinsa ba ya rabo da goro!

Da muka isa, Arɗo, shugaban rugar, ya shimfiɗa mana tabarma. A ruga ba a taɓa saniya sai an gaisa, an karɓi abin da mai gida ya miƙo. Abin da ya miƙo kuwa farin goro ne.

Dakta ya ture hannunsa. "Ɗauke mini wannan! Aiki ya kawo mu."

Samarin rugar suka fara kora shanu daji. Na durƙusa na karɓi goron da hannu biyu.

"Baffa, a yi haƙuri, ba raini ba ne. Asibiti suka raba shi da goro, ko mako bai yi ba."

Arɗo ya kalli Dakta, sannan ya fashe da dariya. "Ashe mara lafiya kuka kawo mini! Ni da aka hana ni, har maraƙi na yi wa faɗa." Ya sa aka kawo kindirmo da asuwaki. "Sha, Dakta, sannan ka ba bakin nan abin taunawa."

Dakta ya sunkuyar da kai, ya sha. Aka dawo da shanu, muka gama da sauran ƙanƙara a akwati.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, in mutum ya tashi da faɗa ba dalili, kafin ku rama ku bincika abin da ke cin sa. Dakta har ya yi ritaya asuwaki na aljihunsa. Da ya fara ɗaure fuska sai mu ce, "Yallaɓai, ina saƙon Arɗo?"