Dusar da Inna Ta Kwaso

Da kakar bana shekara saba'in da uku ke nan da rasuwar Inna. Ban yi makaranta ba, da girbin gero nake ƙirga shekaru, kuma wannan lissafi bai taɓa ɓace mini ba. Jikata Saratu ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Na gaya mata in ta sassauta mini magana zan gane, don sai ta karanta mini tun daga farko.

Ga abin da ya tada zancen. Wurno muke zaune yanzu, gidan aro, tun da 'yan bindiga sunka tashe mu daga ƙauyenmu da ke gefen Shinaka. Mazan gidanmu sun saci jiki farkon damina sun yi shuka, ba su samu komawa noma ba. Dawa ta nuna can, mu muna nan muna auna tsaba da gwangwani. Ƙarti masu gemu, da hantsi sai ka tarad da su a zaure sun haɗa kai bisa waya guda, suna kallon irin fim ɗin nan da ake fassarawa da Hausa. Ran nan ina wucewa da buta na tsaya na leƙa. Wasu halittu ne sunka sauko daga sama, ba su jin magana, ba su san tausayi ba, harsashi bai ratsa su. Sun cinye garuruwa. Can ƙarshe wani ya zauna ya lura da su, ya gano abu guda da jikinsu bai ɗauka, anka gama da su da shi. Ɗana Bello, da furfurarsa, har da tafi.

"Iya, kin gani ko? Kowane maƙiyi da lagonai."

Na ce, "Na gani. Kai mi kag gano na waɗanda sunka raba ka da gona?"

Ya sunkuyar da kai. Ba don in kunyata shi na faɗa ba. Maganar ce ta soke ni, don maganar Inna ce, haka take faɗinta, shi kuwa ko a mafarki bai taɓa ganinta ba.

Mu mun ga abin da ya sauko daga sama, da idonmu, zamanin Nasara. Ina da shekara kamar goma sha biyu. Gero ya yi kai, ana jiran kwana kaɗan a sa lauje, sai rana ta dushe da azahar babu hadari. Kaji sunka nufi akurki. Ƙara muka fara ji, kamar wuta ta kama kara, kafin mu gane fara ce. Ta sauka bisa gonaki, bisa rufin ɗaki, cikin rijiya, rassan itace suna karyewa don nauyinta. Maza sun buga gwangwani, sun yi hayaƙi, sun yi ihu har murya ta shaƙe, malamai sun yi addu'a. Ba ta ko kula ba. Kwana biyu, gonar Baba ta koma sanduna tsaye.

Inna ba ta buga gwangwani ba. Bakin gona ta zauna ta yi tagumi tana kallo, har mata sunka fara cewa baƙin ciki ya taɓa ta. Ita kuwa karatu take. Ta lura da cewa abin nan da ya fi ƙarfin mazan gari duka, in ya kwana raɓa ta sauka masa, fiffikensa kan yi nauyi, sanyin asuba ya sandare masa ƙafa. Daga kiran salla zuwa ɗagowar rana, ba ya iya tashi ko taki ɗaya. Tsofaffi sun san haka tun da, amma tsoro ya mantar da kowa. Ita ta bi gida gida tana tada mata.

"Ku taho da buhu da ƙwarya. Ta ci geronmu, mu ci ta. Wanda yaz zo daga nesa bai san sanyin garinmu ba."

Haka muka riƙa yi. Mu fita da sauran duhu mu yi ta kwasa da hannu biyu, mu dawo a zuba cikin tafasasshen ruwa da gishiri, a shanya bisa tabarma, in ta bushe a kakkaɓe fiffike da ƙafafu a zuba a tulu. Inna ta ce in mun cika tulu shida za mu ga damina. Mun cika biyu. Cikin kwanakin nan na ga mata suna dariya a gonar da aka cinye, kuma ban sake ganin irin wannan ba.

Ashe akwai wani da shi ma ya zauna ya karanci fara. Wani bature ne, ba mu san sunansa ba, ya biyo ta hanyar Rabah da leburori da jakuna ɗauke da buhuna. Shi lagon da ya gano, fara ba ta wuce jiƙaƙƙiyar dusa. Sai ya sa aka cuɗa dusa da guba, a bi gonaki da maraice ana watsawa. An yi shela kasuwar Goronyo, Baba yana wurin, ya ji da kunnensa. Abin da mai shela ya ce, kowa ya tsare dabbobinsa, kada akuya ko jaki ya shiga gona har kwana bakwai, akwai magani a ƙasa. Dabbobi aka ambata. Babu wanda ya ambaci mata, don cikin masu ba da umurnin da masu isar da shi babu wanda ya taɓa fita kamun fara.

Baba ya dawo da la'asar, ya kama awakinmu uku ya ɗaure a turke, ya ƙara wa jaki dabaibayi. Bai ce komai ba. Namiji a lokacin bai kawo zancen hukuma cikin gida, na zaure ne da ƙofar masallaci. Inna ta ga ya ɗaure awaki da sauran rana, ba ta tambaya ba, don mace ba ta bin mijinta da tambayar dabbobinsa. Ita ma ba ta gaya masa gonar da za mu da asuba ba, kamun fara sha'anin mata ne. Washegari daga masallaci ya wuce Giyawa roƙon hatsi wurin ƙanensa, mu kuma muka nufi gona.

Ran nan fara ta kwanta kamar an shimfiɗa ta. Ba mu taɓa samun kwasa mai sauƙi haka ba. Ga kuma dusa nan tsibi tsibi tsakanin kunyoyin gona, da ɗanshinta. Inna ta ce buhun wani farke ya yage, Allah ya ciyar da mu. Ta kwance ɗankwalinta ta bi tana tsincewa, tana hure ƙasa.

Nan zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba sai da na haifi ɗa na uku. Na gani. Rana ta ɗago, raɓa ta bushe a ƙafata, amma fara ba ta tashi ba. Wadda na kama ba ta harbe ni da ƙayar ƙafarta ba, yadda ta saba. Kuma gindin wata sabara na ga ƙadangare kwance ya bushe, da rabin fara a bakinsa. Duk na gani, na kuma san wani abu bai yi daidai ba. Na yi shiru, don in na faɗa za a zubar, ni kuwa kwana biyu ke nan ban ƙoshi ba.

Da muka dawo ta dafa farar ta shanya, ta ce kada wanda ya taɓa sai ta bushe. Ƙannena biyu suna ta kuka, ta ba su kaɗan daga ta tulu, ta ba ni nawa. Ita ta soya dusar nan a kasko da ɗan gishiri, ta juya mana baya tana ci. Na miƙa hannu, ta buge shi.

"Ke, wagga ta manya ta. Ku ci mai daɗi, ni wagga ta ishe ni."

Haka take yi kullum, ta ɗauki mafi muni ta ce shi take so. Ran nan wannan hali nata ya bar mu da rai.

Kafin azahar ta fara amai. Kafin la'asar ba ta iya tsayuwa, tana ta neman ruwa, in ta sha ya dawo. Maƙwabta sun kawo jiƙo, sun kawo rubutu. Baba ya shigo da ɗan ƙunshin dawa a kafaɗa, ya ga kaskon, ya ga ɗankwalin da sauran dusa a jiki.

"Ina kunka samo wagga dussa?"

Na ce gona. Sai ya zauna ƙasa daɓas, babban mutum, gaban mata. Abin da yake ta maimaitawa ke nan: "Na ɗaure awaki. Ai na ɗaure awaki."

Inna ta ji, ta gane kafin kowa. Ni ce 'yar farinta, saboda kunya tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, daga "ke" sai "'yar nan". Ran nan ta kama.

"Kulu. Tahi ki gina rami ki rufe hwarag ga. Kar ki ba kaji."

Sau ɗaya ke nan a duniya. Ina can bayan gida ina haƙa ramin farar da hauya na ji salatin mata. Ba a kai magariba ba.

Gubar ta yi aikinta, ba zan yi wa baturen ƙarya ba. Fara ta mutu tuli tuli har gari ya ɗauki wari. Sai dai geron ta riga ta cinye, ita kuma da za mu ci a madadinsa ta zama abin binnewa. Shekarar nan mun rasa duka biyun. Baba ya rayu shekara ashirin bayan haka, bai sake kiwon akuya ba. Na daɗe ina riƙe da shi a zuciya, sai da na girma na auna na ga shirun uku ne, nasa da nata da nawa, kuma cikin ukun ni kaɗai ce na ga ƙadangaren.

Shi ya sa in na ga ana tafi don an gano lagon maƙiyi, ni ba na tafi. A fim, abin da ya kashe baƙon ba ya taɓa 'yan gida, ana gamawa kowa ya rungumi ɗan'uwansa. Mu abin da aka ɗana wa fara uwata ya kama, don ita da farar abu guda ke damunsu. Yunwa ce lagon duka biyun, wanda ya cuɗa dusar ɗaya kawai ya lissafa.

Nakan tambayi kaina mi Inna za ta ce da ta ga yau. Na san za ta ce a daina ihu, a zauna a lura. To na zauna na lura, shekara da shekaru, ido ne kaɗai abin da na gada. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Fara baƙuwa ce, ba ta san ƙasarmu ba, shi ya sa sanyinmu ya kama ta. Bature ma baƙo ne, zazzaɓi da rana sun sha kwantar da shi, daga baya ya tattara ya tafi. 'Yan bindigar nan na yanzu rijiya ɗaya muka sha da su. Harshenmu suke ji, sun san ranar da ka kai albasa Goronyo, sun san hanyar da kake bi in ka dawo, sun san wanda cikinsa ya yi zafi har zai nuna gidan maƙwabcinsa. Su ne sunka zauna bakin gona sunka yi tagumi suna karatunmu. Sun gano manomi ba ya iya haƙura da hatsinsa in ya nuna, ko mi za a yi masa sai ya je. Ba sai sun neme shi ba. Su jira kawai da asuba, da buhunsu, yadda muke yi.

Abin da ya rage na Inna kaɗan ne. Kabarinta yana can inda ba mai zuwa, ƙila ciyawa ta shafe shi. Tulunan sun fashe tun da daɗewa. Akwai sunana da muryarta, sau ɗaya. Akwai kuma bakina. Tun ranar ramin nan ban sake ganin abu na haɗiye ba, in namiji ya ɗaure igiya a gidana sai ya gaya mini dalili. Surukaina na ce mini mai sa ido, suna rage murya in na doso. Su yi ta yi. Na ɗauka wannan ne darasin, cewa da an yi magana da ba ta mutu ba, kuma shekara saba'in da uku ina riƙe da shi.

Jiya da la'asar na ga Bello ya wasa lauje, ya ɗaura buhu biyu bayan babur, bai ce wa kowa komai ba. Na tare shi a ƙofa.

"Ina za ka?"

"Gona, Iya. An ce sun yi nisa."

"Wa yac ce? Kwana huɗu ke nan ban ga mai itace ko guda ya hito ta hanyag ga ba. Wanda yak kawo maka labarin, mi ya hana shi zuwa tashi gonar?"

Na zayyana masa duk abin da idona ya gani, ban rage ko ɗaya ba. Ya saurara har na gama, don yana da ladabi. Sannan ya ɗauko gwangwanin awo ya kifa shi a gabana, babu ƙwaya ɗaya da ta faɗo.

Wannan karon na faɗa, Inna. Allah ya ji ƙanki, na faɗa. Ya fita da asuba, da raɓa bisa sirdin babur. Yanzu da Saratu ke rubuta wannan an kira azahar, ina zaune inda nake ganin bakin hanya.