Farar Ƙasa a Jikin Rokata

A shekarun da soja ke mulki ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Jalingo, ina zaune a ɗakin haya a unguwar Barade. Wata Lahadi bayan coci na shiga falon wani maƙwabcina mai dish na kama tashoshin talabijin, sai na tarar ana nuna Turawa sun harba wata ƙaramar roka ɗauke da tauraron ɗan'adam na sojojinsu. Siririya ce, ba ta kai na cikin littattafanmu ba. Ta tashi fuu, ta ɓace. Tun daga ranar abin ya shiga kaina ya ƙi fita.

Na yanko gora na yi gangar jiki, na yi fukafukai da kwali. Tauraron kuwa gwangwanin madara ne, na ɗaura masa ƙyallen tsohuwar lema don ya sauko a hankali. Saura abin da zai tura ta sama, wato albarushi. Shi ne ya kai ni garin Mutum Biyu wurin Baba, mahaifina.

Baba tsohon soja ne. Da ya yi ritaya ya koma noma da farauta, kuma da hannunsa yake haɗa albarushinsa, mafarauta har daga nesa suke zuwa nema. Bai taɓa ɗaukar aikina da daraja ba. Kullum tambayarsa guda: "Malam, ban da surutu, me kuke ƙerawa a makarantar nan?" Wallahi tambayar tana ci mini rai. Babu abin da nake so a duniya kamar in ga ya gyaɗa kai sau ɗaya kan wani abu da na yi. Ya auna mini albarushi a ƙaho, ya ce, "Nawa ba ya ba da kunya. Ka dai raba shi da ruwa."

Sau biyu na gwada ta a bayan gari, sau biyu tana wuce kan ɗorawa. Shugaban makaranta ya ji labari, ya ce ai gwamnan soja zai zo bikin raba kyaututtuka, a gabansa za a harba. Na aika wa Baba saƙo ta hannun wani direban mota. Ya zo, cikin tsohuwar rigarsa ta soja, an goge ta har tana ƙyalli.

To, duk wanda ya yi wancan zamanin ya san abin da ake yi in babba zai zo. Farar ƙasa! Duwatsun bakin hanya, gindin bishiyoyi, tsofaffin tayoyi, turakun ƙwallo, komai sai an shafe shi fat. Da safe na kafa rokar a tsakiyar fili, na ɗura mata duk albarushin da ya rage, na ruga gida in yi wanka in sa kwat. Da na dawo na same ta fari tas, ruwa na ɗiga daga lagwaninta.

Na yi kan leburan da ke riƙe da bokiti. "Kai! Wa ya sa ka?"

Ya ce, "Oga ya ce komai da yana tsaye a shafa shi. Wannan ma yana tsaye."

Ban gama zaginsa ba muka ji jiniya.

Aka yi jawabai, aka yi rawa, aka kira ni. Ɗalibai suka ƙirga daga goma zuwa ɗaya da iyakar muryarsu. Na ƙyasta ashana. Lagwani ya yi tsss, ya mutu. Na sake. Wani ɗan hayaƙi ya fito kamar na jiƙaƙƙen icce, shi ke nan. Gwamna ya kwashe da dariya, duk rumfa ta taya shi, ya ce a tambayi malam me ya faru. Aka miƙo mini lasifika. Shugaban makaranta ya zuba mini ido, na kuma san shi ne ya ba da umarnin shafa farar ƙasa, na san don wa aka shafa ta. Tsoro ya kama ni, tsoron banza.

Na ce, "Ranka ya daɗe, albarushin ne ba shi da kyau. Na ƙauye ne."

Aka ƙara dariya. Baba yana tsaye a rana bayan igiyar da aka tare jama'a da ita, taku kaɗan daga inda nake.

Da fili ya watse ya tako zuwa wurin rokar. Ya goga babban yatsa a jikinta, ya dubi farin da ya kama shi, ya shinshina lagwanin. Ya ce, "Rabin aikin sojana shafa wannan abin ne. Na san shi." Sannan ya dube ni. "Da ka faɗa musu gaskiya, da yau na ce na haifi ɗa, ko ba ta tashi ba."

Na bi shi har tasha ina ba shi haƙuri. Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya dai miƙo hannu ya ce in ba shi ƙahonsa.

Har ya rasu bai sake tambayata me muke ƙerawa a makaranta ba.