Karan da Na Ajiye a Jar Ƙasa

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen kaka, shekarar da nake aji uku a firamare, bayan an yi addu'ar arba'in ɗin kakanmu da 'yan kwanaki. Ina zaune a bayan rumbu ina kwafe jadawalin sau bakwai a bangon littafina, sai Inna ta leƙo ta ce in wanke ƙafa in sa hijabi, ana kirana a zaure. A gidanmu ba a kiran 'ya mace zaure sai in ta fasa wani abu ko ta kai saƙo ba daidai ba. Na tarar da manya zaune a kan tabarmi: Liman, wakilin mai gari, Babana, da ƙanensa Baffa Lawali. A tsakiyarsu an zana da'ira biyu a ƙasa. A cikin ɗaya an ɗora curin baƙar laka, a cikin ɗayar an zuba jar ƙasa cikin tafi. Liman ya miƙo min gutsuren kara guda biyu, kowanne tsawon yatsa, ya ce, "Ɗiyata, aje ɗaya nan, ɗaya nan. Yadda duk kika ga dama."

Kakanmu ya bar gonaki biyu a ƙauyenmu da ke tsakanin Tsafe da 'Yandoto. Ɗaya fadama ce a bakin rafi, ƙarama amma mai albarka, ana shinkafa da damina, ana albasa da tumatir da rani. Ɗayar kuma gonar tudu ce a bakin hanyar Gusau, mai faɗi, jar ƙasa mai tsakuwa, wadda ko gero sai an lallaɓa ta da taki. Gwaggo Rabi da ke aure a Nahuce ta riga ta karɓi kasonta a tumaki da ɗaki guda, saura maza biyu. Dattawa sun auna da igiya, sun ce faɗin tudu ya biya kyawun fadama, amma kowa ya san ba haka zukata suke gani ba. Baba yana son fadama, Baffa yana son fadama, kuma babu wanda zai buɗe baki ya faɗa. A irin haka, al'adarmu ita ce ƙuri'a: kowane magaji ya koma gefe ya yanko karansa ya ba Liman, sannan a kira ƙaramin yaron da bai san komai ba ya ajiye. Inda karanka ya sauka, nan ne rabonka, kuma ba a sake magana.

An zaɓe ni ne saboda shiruna. Cewa aka yi Nafisa ba ta shiga zancen kowa, kullum kanta na cikin takarda. Abin da ba su sani ba shi ne, yaro mai shiru ya fi kowa kallo. Wuƙar Baba tana da ɗan giɓi a kaifinta, tun ranar da ya sari ƙusa a jikin ƙyaure. Da ita yake feƙe min fensir kowace safiya, kuma duk abin da ta yanka sai ta bar siririn layi a jikinsa. Na juya karan nan biyu a tafina sau ɗaya kawai, na ga layin a bakin ɗaya. Na san na Babana ne.

Ni kuwa na tsani fadama. A can ne matsattsaku ya taɓa maƙale min a ƙwauri har Inna ta cire shi da toka, a can ne ake tsayar da mu tun hantsi muna kaɗa gwangwani muna korar tsuntsaye daga shinkafa har murya ta dushe. A gonar tudu kuwa akwai wata tsohuwar ɗorawa mai saiwoyi kamar kujera. In na kai wa masu noma fura, nakan zauna a gindinta in buɗe littafi, babu mai kirana, sai ƙarar motoci jefi-jefi. Don haka na sunkuya na ajiye karan mai layi a kan jar ƙasa, na ajiye ɗayan a kan laka. Liman ya ɗaga su ya duba, ya ce Allah ya raba, aka shafa fatiha. Na saci kallon Baba. Na dai ga ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

Daga ranar tsoro ya shiga cikina ya zauna. Shekarun da suka biyo baya sun yi mana tsanani. Gonar tudu ta ci takin awakinmu duka, ta ci tokar murhu da sharar tsakar gida, amma damin da take bayarwa ba ya kai mu bazara. Inna ta fara surfen aikatau, ta koya min daka kalwa muna yin daddawa daga 'ya'yan ɗorawar nan tawa. Duk lokacin da na ga Baba ya dawo tafin hannunsa ya faffashe, sai in ji kamar an rubuta laifina a goshina. In an yi sallama a zaure, sai in zaci Liman ne ya zo ya ce ya gano. In Baba ya karɓi fensirina zai feƙe, sai in kau da kai don kada ya ga ina kallon giɓin. Na san in magana ta fito za a ce ƙuri'a ta ɓaci, a sake zama, 'yan'uwa biyu su shiga rigimar da dattawa suka sha wahalar kashewa, kuma a nuna ni a ce ga wadda ta yi. Har na riƙa shirya kalmomin da zan faɗa wa Inna, ina maimaita su a hanyar rijiya, amma in na sauke tulu sai su gudu.

A gidan Baffa kuwa, katanga ɗaya tsakaninmu, ƙamshin tuwon shinkafa ke tashi. Baffa mutum ne mai raha, ba ya ci shi kaɗai. Yakan aiko 'yarsa Shafa da kwano rufe da faifai. Ni da Shafa sa'o'in juna ne, aji ɗaya, tabarma ɗaya. Tare muke tsintar shara a filin makaranta kafin a buga tsohon ƙarfen taya da ke rataye a jikin darbejiya, tare muke carafke da 'yar gala-gala in an tashi tara. Ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Lissafin da zan cika rabin shafi ina yi, ita kallon allo kawai take yi ta faɗi amsa, Malam ya ce ta nuna hanya, ta ce ita ma ba ta san ta inda ta bi ba. Takan tsokane ni da "Malama Tawada", don ina ja wa kowane kanun darasi layi biyu da rula. In ta kawo tuwon nan, ina ci ina jin kunya, kamar ni na ba su gonar kuma na dawo ina roƙo.

Ina aji shida al'amari ya juye. Aka faɗaɗa hanya, manyan motocin hatsi suka yawaita, sai ga wani Alhaji daga Gusau yana neman fili a bakin titi zai gina gidan mai da rumbun ajiya. Tsakuwar da ta hana gero tsiro ita ce ya ce yana so, don gini ba ya nutsewa a kanta. Baba ya sayar da rabin gonar, har da ɗorawar. Ranar da aka sare ta ban ci abinci ba, aka zaci zazzaɓi ne. A daidai waɗannan shekarun rafi ya fara cin fadamar Baffa, kowace damina ya zabtare gefe guda. Bayan haka daji ya lalace da 'yan bindiga, zuwa bakin rafi ya zama sai da addu'a, daga baya ma ya gagara. Mu muka koma Gusau, Baba ya buɗe shagon hatsi da injin niƙa, aka sa ni sakandare. Baffa ya kwashe iyalinsa zuwa gefen garin Tsafe, ɗaki biyu na haya, yana noman ƙodago a gonakin mutane. Shafa ta tsaya a aji shida.

Ba zan zalunci Babana ba. Bai ɓarnatar da abin da ya samu ba. Yana buɗe shago kafin kowa, yana ɗaukar buhu da kansa har bayansa ya fara ciwo, kuma kowace kaka yana aika wa ƙanensa hatsi. In baƙi suka yaba gidanmu, yakan nuna musu tafin hannunsa ya ce, "Wanga duk gumi ne." Gaskiya ya faɗa. Sai dai na ga tafin hannun Baffa ma, kuma ya fi na Baba kaushi. Tsorona bai tafi ba, juyawa kawai ya yi. Da ina fargabar na jefa mahaifina cikin wahala. Yanzu ina fargabar kujerar da nake zaune a kanta a aji ta Shafa ce.

Bana a jami'a, a darasin tattalin arziki, malaminmu ya kafa taswirar duniya, ƙasashe masu arziki da launi ɗaya, matalauta da wani. Ya tambaya ko wannan rabo adalci ne. Wani ɗan ajinmu ya miƙe ya ce waɗancan sun yi aiki ne, mu kuma mun yi barci. Wata ta ce ai kwashe namu suka yi. Aka yi ta musu har lokaci ya ƙare. Ni ban ɗaga hannu ba, ban taɓa iyawa ba. Ina dai kallon launukan nan biyu ina ganin laka da jar ƙasa. Na yi tunanin jaririn da aka haifa yau a wancan gefen da wanda aka haifa a ƙauyenmu, babu wanda ya yi gumin komai tukuna, amma an riga an ajiye wa kowa karansa. Kuma na san wani abu da 'yan ajinmu ba su sani ba: wani lokaci hannun da ya ajiye karan ba makaho ba ne.

A hutun da ya wuce na shiga mota na je Tsafe. Na tarar da Shafa tana suyar awara a ƙofar gida, goye da 'yarta ta biyu. Ta ce, "Malama Tawada, an tuna da mu?" ta cika min leda ta hana ni taɓa jaka. Baffa yana zaune a inuwar katanga yana gyaran ƙotar fartanya, gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ina murza bakin hijabina, sannan na faɗa masa komai: wuƙar, giɓin, matsattsaku, ɗorawar. Ya saurare ni har na gama bai daina fiƙar ƙotar ba.

"Na gan ki," in ji shi. "Na ga sadda kika juya karan kika tsaya kan bakinsa. Wuƙar nan ai tare muka yi ta aiki da ita da ubanki, na san giɓinta kafin a haife ki."

Na tambaye shi me ya hana shi magana.

"Fadamar nike so, kin kuwa ba ni. Shekara da shekaru ina cin shinkafarta ban ce a sake ƙuri'a ba. Yanzu don ta juya in ce mi?" Ya busa ƙurar itacen, ya ɗago ya dube ni. "Ki yi karatunki. Amma in kin zama wani abu, kada ki ce ke kaɗai kika yi. Ga ɗiyar Shafa ta fari nan, kanta irin na uwarta ne."

Da motarmu ta wuce ta gaban gidan man a hanyar dawowa, na nemi inda ɗorawar take ban gane ba. Siminti ya rufe ko'ina, wani yaro yana wanke tirela a wajen. A da, tsorona bai wuce a kira ni zaure ba, kuma ina da saiwar da zan zauna a kanta in manta. Yanzu babu mai kirana, babu wanda zai sake ƙuri'ar, sai ni da abin da na sani. Na saya wa 'yar Shafa ta fari littafi da fensir, na feƙe mata shi da reza, zan kai mata in an koma makaranta. Baba kuwa har yau yana nuna wa baƙi tafin hannunsa, kuma har yau ban gaya masa ba.